Shaidar da Na Hana Malam Ishiyaku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2008, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Ishiyaku, malamin kimiyya, a gidansa da ke Kibiya. Shekara goma sha tara muka yi muna aiki a makaranta ɗaya.

Malam, na gaji da raka abokai makabarta, amma taka rakiyar ta fi yi mini nauyi.

Ina tuna yadda kake shiga aji da fartanya a kafaɗa. Kakan ce wa yara babban tauraro cin kansa yake yi, yana ƙona abin da ke cikinsa har tsakiyarsa ta zama ƙarfe. Daga nan makamashi ya ƙare, sai ya rufta cikin ƙiftawar ido, ya fashe. Wani ma yakan feso hasken 'yan daƙiƙu da ya fi duk wanda rana za ta fitar tsawon rayuwarta. Sai ka ɗaga fartanyar ka ce, "Ƙarfen nan, daga irin wannan mutuwar ya zo mana, da ikon Allah."

Mutanenmu kuwa, in an ce taurari, duba suka sani. Wata tsohuwa daga Unguwar Gai ta zo da zakara, wai ka duba mata tauraron ɗanta da ya ɓace a Kudu. Ka ba ta ruwa, ka mayar mata da zakaranta, ka ce gaibu sai Allah. Amma an ga shigarta. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, kowa na neman wanda zai nuna da yatsa. Aka ce bokanci kake yi. Aka tara mu gaban iyayen yara, shugaban makaranta ya tambaya ko akwai mai shaidarka. Ina zaune kusa da kai ranar da tsohuwar ta zo, a kunnena aka yi komai. Na sunkuyar da kai. Tsoro na ji, ba wani abu ba.

Aka raba ka da aji, aka ba ka makullin sito. Ba ka taɓa tayar mini da maganar ba. Da na kwanta asibiti a Rano ma, kai ka yi jinyata.

Jiya a zaman makoki na ji wani ya nuna 'yarka Asma'u, ya ce, "'Yar mai duban nan ce." Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na shaida, tsakanina da Allah, Malam Ishiyaku bai taɓa yi wa kowa duba ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Zulaiha, uwargidansa, ke da Asma'u, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku yafe mini, domin wajensa kam na makara.