Ranar da Hukuncin Rataya Ya Fito Daga Bakina

Shekarun baya, lokacin ina aikin tafinta a kotu a Birnin Kudu, aka kawo shari'ar wani manomi daga wani ƙauye kusa da Sara, a ƙasar Gwaram. Ya kashe ɗan baffansa ne a kan iyakar gona. Cacar baki ce ta yi zafi, ya ɗaga fartanya ya sara masa a ka. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

A lokacin ba ni da wata tantama: wanda ya kashe a kashe shi, magana ta ƙare. Har gori nake yi wa abokaina cewa ni na san doka, alhali iyakar aikina in juya Turanci zuwa Hausa.

Shari'ar ta ja kusan shekara biyu. Kowane zama dattawa biyu suna zuwa, wa da ƙani. Wan shi ne mahaifin wanda ake tuhuma, ƙanin kuma mahaifin mamacin. Mota ɗaya ke kawo su daga Gwaram, amma a kotu kowa da bencinsa.

Ranar hukunci alƙali ya daɗe yana karatu, sannan ya kai ƙarshe ya dube ni. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: mutumin da ake tuhuma ba ya jin Turanci. Bai san an gama da shi ba. Ni yake kallo, yana jira. Na ce, "Kotu ta ce za a rataye ka ta wuya har sai ka mutu. Allah Ya ji ƙan ranka."

Ya ce, "Malam, yau ne?"

Na mayar wa alƙali tambayar, ya ce in gaya masa yana da damar ɗaukaka ƙara. Na ce masa ba yau ba ne. Ya ce, "To, na gode." Gandurobobi suka fita da shi.

Da na fito, sai na tarar da mahaifin mamacin zaune a gindin darbejiya, ya yafuto ni.

"Malam tafinta, in an rataye shi, 'ya'yansa huɗu wa zai riƙe?"

Na ce, "Baba, kotu ba ta yi magana a kan wannan ba."

Ya ce, "Ni ne zan riƙe. Wana ido ya tafi, ba ya iya noma. Marayun ɗana uku suna gidana, ga huɗu an ƙara mini. Kullum ina roƙon Allah Ya nuna mini wannan rana. Ga ta na gani, ban ji komai ya sauka daga ƙirjina ba."

Ni kuma da rawar kai na ce, "Kun yafe ke nan, Baba?"

Ya harare ni. "Ɗana ne fa aka kashe. Ban yafe ba. Kada ka juya mini magana, nan ba cikin kotu muke ba."

Ba a rataye mutumin ba. Bayan shekaru aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin rai-da-rai. Wani abokina lauya ya gaya mini dattijon nan yana cikin waɗanda suka dangwala yatsa a takardar neman sassaucin, kuma har ranar yana cewa shi bai yafe ba.

Har yau ba zan ce muku babu laifin da ya cancanci kisa ba. Na ga hoton gawar nan a cikin fayil, jinin mutum ba abin wasa ba ne. Amma da na ɗauka aikin shari'a shi ne ta nemo mai laifi ta saka masa daidai da abin da ya yi. Yanzu nakan tambayi kaina: bayan ta saka masa, me ta gyara wa waɗanda suka rage? Mu a ranar rufe fayil muka yi, muka tafi cin abinci. Dattijon ya koma gida da yara bakwai a wuyansa.

Bara na ji an aurar da 'yar autar mutumin da ke kurkuku, bayan ta gama karatun jinya. An ce dattijon da kansa ya yi mata walicci, yana dogara sanda.