Akwatin Jimrau da Ƙwan Zabin Uwale

A watan Maris na shekarar 1999 na fara sanin Jimrau. Ina aiki a gidan waya na Dakoro a lokacin, rediyona kuma ta ɗauki wata ɗabi'a: ta yi magana minti goma, sai ta yi shiru. Aka nuna mini wani mai gyara a gindin itacen bedi bakin kasuwa, da tebur ɗaya da ƙarfen dalma da yake ɗumamawa a garwashi. Bai kwance ko ƙusa ɗaya ba sai da ya saurari rediyon har ta yi shirun nan sau biyu. A lakwal, wato makarantar mishan da na yi a Maradi, mushenmu, malaminmu na lissafi, ba ya barin mu taɓa alli sai mun karanta tambaya sau biyu. Jimrau bai wuce aji uku ba, amma na ga ya san wannan darasi, shi ya sa na riƙe shi.

Rediyo ta ja baya, ya koma gyaran salula. Da wutar hasken rana ta shigo gari, ya koyi batiri da fanno, faifan nan mai tara hasken. Daga baya ya faɗa cikin waɗannan ƙananan katuna da ake sa wa famfon rijiya da injuna. Katin bai kai tafin hannu ba, a tsakiyarsa akwai wata baƙar ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar wake. Ana rubuta mata umarni a ordinatar, wato kwamfuta, a tura mata ta waya, ita kuma ta bi shi ba ƙari ba ragi. Umarnin shi ake kira progaram. Bayan na ajiye aiki nakan zauna a rumfarsa da hantsi, in karanta masa abin da ya gagare shi na Faransanci. Yakan ce cutar kati iri biyu ce, ta jiki da ta tunani, kuma mai gyara ya fi wahala in ya nemi ɗaya a gidan ɗaya.

Shekara uku da suka wuce ya haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da gangar jikin wani tsohon firji. Ampul biyu, wato ƙwan lantarki, ke ba da zafi, ƙaramin moter yana karkata faifan ƙwai duk bayan awa biyu, kati yana lura da su duka. Progaram ɗin wani abokin sana'arsa ne ya turo masa ta salula. Ya gwada da ƙwan kaji sau biyu, tsaki suka fito sarai ranar ashirin da ɗaya, ya kwashe su ya kashe akwati.

Uwale ɗiyar kawunsa ce, saboda haka akwai wasa tsakaninsu, ba ta kiransa da komai sai bawana. Tana da zabi wajen talatin. Zabi a wurinmu da damina kawai suke ƙwai, kuma da ƙwan take samun na cefane a kasuwar Kornaka. Jimrau ya lallashe ta ta hana kanta sayarwa, ta tara tamanin da huɗu, ya kai akwatin gidanta ya ajiye a zaure.

"In suka lalace, kai zan dafa in kai Kornaka," in ji ta.

"Wa zai saye ni? Ƙashi ne zalla."

Ana saura kwana goma sha biyu ƙwan su ƙyanƙyashe aka kira shi Tagriss, famfon wata rijiyar makiyaya ya tsaya. Ruwan sama ya ɓata hanya, bai dawo ba sai da kwana ashirin da takwas na ƙwan zabi suka cika. Ya tarar da akwati a sanyaye, ƙaramar fitilar kati kuwa tana ci kore kamar ba abin da ya faru. Uwale ta ce ita kore aka ce mata ta duba, kore kuma take gani. Ya cire wayar batiri ya mayar. Nan take ampul suka kama, moter ya juya. Ƙwan dai sun riga sun mutu. Da aka fasa wasu, ga tsaki a ciki har sun yi gashi.

Uwale ba ta yi masa wasa ba ranar. Ta ce Allah bai nufa ba, ta ɗauki tsintsiya ta shiga gida. Wannan ya fi zagi yi masa ciwo.

Watan Agusta ya kusa rabi, zabi kuma ba su jiran kowa: ruwa na ɗaukewa za su daina ƙwai sai baɗi. Ya dawo da akwatin rumfarsa ya bi jikinsa gaɓa gaɓa. Ya auna batiri safe da yamma. Ya aro ma'aunin zafi irin na likita ya gwada da na akwatin, suka zo daidai. Ya sake dalmar kowace waya, ya canza maɓallin da ke kunna ampul ko da yake bai same shi da laifi ba. Har ya zargi tururuwa, ya zuba toka kewaye da ƙafafun. Ya bar akwatin yana aiki ba ƙwai kwana uku, ni kuma ina rubuta masa zafi kowace awa. Ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba.

"Mushe," ya ce mini, don haka ake kirana a gari, "mara lafiyar da ke warkewa in ya ga likita, yaya ake yi da shi?"

Na ce a zamaninmu tambayar mai jinya ake yi.

Washegari muka tafi gidan Uwale. Muka same ta tana sheƙar gero, ta ba ni kujera, shi ta bar shi a tsaye.

"Yaushe kika daina jin kukan moter?"

"Ni agogo gare ni? Tambayi Mushe."

"Ki dai tuna."

Ta ajiye faifai. "Kasuwa ta ci sau biyu yana ta ƙugi. Kafin ta uku ya yi shiru. Na ce ko ya koyi ladabi ne, abin da maigidansa ya kasa."

"Zafin fa?"

"Bayan kasuwa ta uku na daina jin ɗumi in na dafa murfin. Kai dai ka haɗa kaza, bawana. Ko kaza in an sa mata ƙwan zabi, tana cika mako uku take neman tashi, ita a lissafinta ta gama. Sai an kife ta da kwando ta ƙarasa makon nan na huɗu."

Jimrau ya yi mata sallama a gajarce, muka fito, yana tafiya ina binsa da sandata da ƙyar.

A rumfa ya buɗe ordinatar. Ba zai iya jiran mako uku don ya gani da idonsa ba, sai ya nemo layin da ke gaya wa kati tsawon yini, ya mai da yini ɗaya minti ɗaya. Ya tura progaram ɗin, ya ce in riƙe agogo. Ƙarfe goma da kwata muka fara. Minti goma sha takwas daidai moter ya tsaya. Minti ashirin da biyu ampul suka mutu, fitila tana ci kore. Wanda ya rubuta progaram ɗin kaji kawai ya sani: ya sa a daina juya ƙwai ranar sha takwas, a kashe zafi ranar ashirin da biyu don a huta da batiri. Da ƙwan kaji Jimrau bai taɓa kaiwa wannan rana ba. Da ya cire wayar batiri a zauren Uwale kuwa, ƙidayar kwana ta koma farko, shaidar ta goge da hannunsa.

Ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya ce, "Ban karanta shi ba, Mushe. Na ga yana aiki, na yarda da shi."

Ya mai da tsayawar moter ranar ashirin da biyar, ya share layin kashe zafi gaba ɗaya. Ya kuma sa kati ya riƙa ajiye ƙidayar kwana inda ɗaukewar wuta ba za ta goge ta ba. Muka sake gwadawa har sau uku kafin azahar.

Saura ƙwai. Bai koma wurin Uwale ba. Mako guda duk wanda ya kawo salula ko tocila daga ƙauye, sai ya ce masa ladan gyara ƙwan zabi ne, sabo, wanda bai kwana uku ba. Mutanen wajen Azagor suka yi ta dariya, suna cewa Jimrau zai buɗe teburin shayi. Ya tara casa'in. A watan nan bai karɓi aikin da zai fitar da shi gari ba.

Ranar ashirin da bakwai suka fara fasowa, zuwa washegari sittin da ɗaya suna tsaye da ƙafafunsu. Ya riƙe su mako biyu a ƙarƙashin ampul har suka yi ƙwari, sannan ya zuba su a kwali biyu, ya ɗora a bayan babur.

"Rumfata ta cika," ya ce wa Uwale. "Ajiye mini waɗanga kafin in sami wuri."

Ta leƙa kwali, ta dube shi. "Wa zai ci da su?"

"Ke mana. Ba ke ce uwar gida ba?"

"Malalacin bawa," in ji ta, ta miƙa hannu ta karɓa.

Bana damina ta uku ke nan. Akwatunsa huɗu suna aiki a gari, ɗaya a zauren Uwale. Jimrau yana nan gindin bedinsa, gemu ya fara fari, kuma har yau bai sami wurin da zai ajiye zabin nan ba.