Ɓawon Ayaba Ya Kai Ni Kurkuku

Kafin in lalace, ayaba da lemo nake sayarwa a Gyaɗi-Gyaɗi, ba ni da abokin faɗa. Shekarar da soja za su miƙa mulki ga farar hula, samarin da ke bin 'yan takara suka mayar da gindin teburina majalisa. A nan na ji ɗayansu yana rantsuwa wai ɓawon ayaba, in an busar an zuƙi hayaƙinsa, yana bugarwa. Na yi dariya, amma ranar ban zubar da ɓawon ba.

Na shanya shi a kan rufin kwano, na daka, na ƙulla a takarda. Ni na fara gwadawa, ban da tari ba abin da ya sa ni. Amma samarin nan suka yi ta saye suna lumshe ido suna tangaɗi, don ba mai so a ce shi kaɗai ne bai ji komai ba.

Ana nan sai wani direban bas mai suna Sale, ɗan Tarauni, ya faɗa a bainar jama'a cewa shara nake sayar musu. Maimakon in haɗiye kunyata in daina, sai na nemo ƙwayoyi na niƙa na cuɗa da garin. Washegari na miƙa masa, na ce in ya isa ya zuba a shayi. Bai gama kofin ba ya zube, bakinsa na kumfa.

Ranar da alƙali ya ɗaure ni, Sale yana kwance asibiti ba ya gane kowa. Daga nan ban sake jin labarinsa ba. Duk zamana a kurkuku, yunwa da kwarkwata ba su dame ni kamar tunanin ko na kashe mutum ba.

Da aka sake ni ban nufi gida ba, Tarauni na wuce. Na same shi a ƙofar gida yana wanke bas. Ya dube ni ya ce, "Mai ayaba, kai ne ka rame haka?" Na durƙusa ina kuka. Ya ce in tashi, ya yafe tuntuni, ai shi ma da ƙafarsa ya zo. Wallahi sai a lokacin na ji an sake ni.

Ƙannena, ɓawon ayaba ba ya bugarwa, ku bar wa akuya abinta. In kuma aka kama ku da ƙarya, ku daure ku sha kunyar nan take. Da na yi haka, dariyar yini ɗaya kawai za a yi mini.