Gyaran Gilashin da Ya Ci Makullin Abokina

Shekarun baya da ɗan dama, lokacin da sojoji suka yi alkawarin mayar da mulki hannun farar hula, motocin kamfe suka cika hanyoyi, ina koyarwa a wata lakol, wato makarantar boko, a Gazawa. Ƙuruciya na kaina a lokacin. Riga kullum da guga, biro biyu a aljihu, ko da yake ɗaya ya daɗe da daina rubutu. Duk wanda ya samu takarda a unguwarmu, ta buro ce, wato ofishin gwamnati, ko ta likita, wurina yake kawowa. "Mushe" suke ce mini, yadda ake kiran malamin lakol da Faransanci, ni kuwa sunan nan ya fi mini shayin safe daɗi. Ban taɓa mayar wa mutum takardarsa na ce ban gane ba, kuma har alfahari nake da hakan.

Ina da aboki direba, mutumin wajen Gidan Rumji ne, aure ya zaunar da shi a garinmu. Ya yi shekaru yana fama da tsofaffin motocin mutane, irin waɗanda sai fasinja sun sauka sun tura, kafin wani Alhaji mai motocin haya ya ba shi makullin wata mai sauran kyau, yana jigila tsakanin Gazawa da Agye da Maradi. Alhajin ba mugu ba ne, amma yana da doka ɗaya da duk tasha ta sani: abin da hanya ta ɓata, nasa ne, shi zai gyara. Abin da hannun direba ya ɓata, direba ya ajiye makulli.

Wata rana ayarin 'yan kamfe suka wuce abokina a guje, tayar ɗaya daga cikinsu ta harbo tsakuwa, ta sami gilashin gaba ta ɓangaren fasinja. Ɗan tabo ne, bai kai ƙwayar wake ba, da 'yan ƙafafu kamar na gizo-gizo. Alhaji ba ya gari, ya haura Katsina. Abokina ya sayi wani ɗan kwali hannun masu kawo kaya daga tsallaken iyaka, aka ce masa maganin irin wannan tabo ne, mutum na iya yi da kansa. Da azahar sai ga shi ƙofar gidana, ya ajiye mota ƙarƙashin dogon yaro.

Muka zazzage kwalin bisa tabarma. Akwai 'yar kwalba mai ruwan danƙo, da sirinji marar allura, da wani faifan roba da ake mannawa kan tabon, da 'yar leda fara, da reza. Sai takarda a naɗe. Na buɗe ta da isa, sai na ga babu Faransanci ko layi ɗaya. Ingilishi ne tsantsa, Ingilishina kuwa tun na kwaleji, ya tsaya a gaisuwa da sunayen ranaku.

"Mushe, mi ta ce?" in ji abokina. "In da wuya mu bari Alhaji shi dawo. Tabon hanya na, ba ruwana ciki. Ni dai tsoro nike kar tabon shi ja."

A nan ya kamata in naɗe takardar in ce masa mu jira. Amma na ce, "Wace irin wuya? Ingilishi ai Faransanci ne da aka murɗe masa wuya."

Na bi layukan da yatsa ina tsintar kalmomin da suka yi kama da waɗanda na sani. Can ƙasa na ga zanen rana, kusa da shi minti goma sha biyar, da wata gajeriyar kalma da ta yi kama sak da wadda muke faɗa a Faransanci idan za a yashe rijiya. Nan take na haɗa lissafina. Ga rana, ga reza, ga yasa. Wato a kai mota cikin rana, a yashe ramin tabon da reza har minti goma sha biyar, ya fita tas, sannan a ɗura danƙo. Har wani daɗi na ji a raina yadda abin ya zauna daidai.

Na ce ya fitar da motar daga inuwa. Ya dube ni, ya dubi sama. Bazara ce, irin ranar da ko jaki ke neman gindin bango.

"Mu dai a tasha ba mu taɓa gilashi in ya ɗau zahi," ya ce.

"Wannan ba aikin tasha ba ne, aikin ilimi ne," na ce masa. Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kunya ta rufe ni.

Ya ja motar zuwa tsakiyar fili. Na ɗaura agogo, na sa ƙuryar reza cikin tabon, ina ƙwaƙula, ina hura garin gilashi, gumi na zuba. Gilashin ya yi zafin da sai da na sa hankici ƙarƙashin hannuna. Da minti goma sha biyar suka cika, na ga ramin ya yi fari da gari, na ce ai wanda ya yashe abu sai ya ɗauraye. Na shiga gida na ɗebo ruwan randa mai sanyi a moɗa, na watsa.

Ƙas! Ƙarar ba ta fi ta karya tsinke ba. Muna tsaye muna kallo tsagar ta taso daga tabon, ta bi a hankali, ta ratsa gilashin har gaban kujerar direba, sannan ta tsaya.

Moɗar na hannuna tana ɗiga. Can abokina ya shafa tsagar da yatsa daga farko har ƙarshe, ya ce, "Bari, Mushe. Abin da Allah ya yi na." Na ce masa da zarar Alhaji ya dawo ni zan je in yi bayani. Ya gyaɗa kai, ya tattara kayan kwalin, ya bar mini takardar, ya tafi.

Da safe na kai takardar wurin malamin Ingilishi na kwaleji, na ce wani ne ya tsinta yake son ji. Ya karanta mini cikin minti ɗaya. Layin farko cewa ya yi a ajiye mota cikin inuwa, gilashi ya huce, kuma kada ruwa ya taɓa wurin. Kalmar nan tawa ta yasar rijiya kuwa, nufinta a bar danƙon ya bushe ya ƙanƙare a rana, bayan an gama komai. Rezar ta share abin da ya yi saura ce a ƙarshe. Babu mataki ɗaya da na yi daidai. Na yi masa godiya, na naɗe takardar, na cusa can ƙasan jaka.

A ranar Alhaji ya dawo. Ban je ba, na ce wa kaina ina da aji, ga gyaran littattafan yara. Washegari na yi wanka na nufi shagonsa da niyya. Ina isa na tarar da dattawa zaune, aka tashi aka ba ni kujera, Alhaji ya miƙo mini wata takarda kan katin zaɓe ya ce, "Yawwa, ga mai ilimi ya zo, shi hwaɗa mana." Na karanta, na fassara, aka yi ta sa mini albarka. Maganar na bakina, na haɗiye ta da ruwan da aka kawo mini, na yi sallama na tafi.

Kwana na uku ina tsaye bakin lakol motar ta wuce. Na gane ta da tsagar. Na ɗaga hannu, sai na ga wata fuska daban bayan sitiyari.

Na bar yara da aiki a allo na tafi shagon kusan da gudu. Wannan karon ban zauna ba. Na ce, "Alhaji, gilashin nan ni na fasa. Takardar Ingilishi ce, ban iya ba, na yi kamar na iya. Shi har cewa ya yi mu jira ka."

Alhaji ya ce, "To shi ce mini ya yi shi ya ƙwaƙule da hannunshi, bai tambayi kowa ba." Ya sauke numfashi. "Mushe, da shekaranjiya ka zo. Jiya ma kana zaune nan. Yanzu na ba wani, mai iyali ne shi ma, in karɓe in ce mashi ya yi mi?"

Daga can gidan abokina na wuce, na same shi tsakar gida yana wanke wani tsohon babur da ya aro wurin surukinsa. Na tambaye shi abin da ya sa bai faɗi gaskiya ba, har da ɗan faɗa a muryata, kamar shi ya yi mini laifi.

Bai ɗago ba ya ce, "Da ƙyar munka shawo kan mutanen unguwar ga sunka sa ɗiyansu lakol. Tawa ɗiyar ma sai da nay yi rigima da kakarta. In anka ji a tasha Mushe bai iya karatu ba, wa ka tsayawa shi tambayi wane irin karatu na? Gobe rabin ajinka na gona. Ni mota ta, ana samun wata."

Na zauna bisa turmi. Ban taɓa jin na ƙanƙance kamar ranar ba.

Da na girma na duba abin, kuskuren karatun bai cika damuna ba. Kowa na iya ɗaukar wata kalma a matsayin wata, har dariya muke yi a kai yanzu, yana ce mini mai yasar gilashi. Abin da ya tsaya mini a rai kwana biyun nan ne, musamman zaman da na yi a shagon ina karɓar albarka. Na san gaskiya, na san dokar Alhaji, na san abin da shiruna zai ci, na zaɓi sunana. Shi ma sunan nawa ya zaɓa, amma shi don yaran unguwa, ni don kaina. Tun daga lokacin na koyi cewa "ban sani ba" gaban aji da gaban dattawa, kuma ban ga ta rage ni da komai ba.

Wata bakwai abokina ya yi yana kabu-kabu, wato haya da babur, cikin rana da ruwan sama kafin ya sake riƙe sitiyari. A cikin watannin nan, duk ranar da ake lakol, shi ke kawo ɗiyarsa bisa babur ɗin aron nan har ƙofar ajina. Sai ya kashe injin, ya ɗaga murya yadda yara da iyayen da ke bakin ƙofa za su ji, ya ce, "Mushe, ina kwana? Ga ta nan, a ba ta karatu."