Baba Ajanda da Kujerar Hamani

Duk wanda ya san yayana Alasan a unguwarmu Aboabo ya san ba ya fara magana sai ya jera kujeru. Ko gaisuwa ka zo, zai amsa sallama, sannan ya ce, "Tsaya tukuna." Ya jawo benci, ya daidaita shi da bango, ya ja da baya ya duba, ya ƙara matsar da shi kaɗan, sai ya nuna maka gurbinka. In ka zauna wani wuri dabam, shiru zai yi yana kallonka har ka tashi da kanka. In ka zauna daidai, sai ya ce, "To, mece ce ajanda?" Daga nan yara suka sa masa Baba Ajanda. Na taɓa ganinsa a gidan suna a unguwar Asawase, gidan da ba namu ba, ya ta da liman don a juya kujerarsa ta fuskanci ƙofa. Liman kuwa ya tashi.

Jikokinsa suka ce in rubuta abin da na sani. Karatuna bai wuce makarantar midil ba, amma na san abin da ya kamata ya zo gaba da abin da zai biyo baya. Haka zan bi, don shi ma ba ya son tsallake.

Na farko, aikinsa. Masinja ne a jami'a tun tana kwaleji. Kullum da sassafe zai hau kekensa ya tafi, ɗakin taro ne hannunsa: ya goge tebur, ya jera kujeru, ya ajiye ruwa da kofuna, sannan ya tsaya bakin ƙofa har a tashi. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, don haka yawancin abin da ake faɗa a ciki wuce shi yake yi. Tsarin ne ya shige shi har ƙashi.

"Can sama akwai uban jami'a," in ji shi. "Ba ya aikin kullum, sai ranar yaye ɗalibai ya sa babbar riga ya zo ya sa albarka. Ƙarƙashinsa majalisar gudanarwa, su ke riƙe da gine-gine da dukiya. Gefe guda majalisar malamai, karatu ne nasu. Shugaban jami'a na tsakiya, kowa na jan rigarsa. Sai kwamitoci a ƙasa, kamar 'yan tsaki. Ko bishiya ba a sarewa sai sun zauna."

Wannan duka ya ɗauko a bayan keke ya kawo gidan ubanmu. Kansa ya ba shugabanci. Mahaifiyarmu, Inna, ya naɗa ta uban jami'a.

"Ni da na yi naƙudarka, yau ni ce uba?"

"Muƙami ne, Inna."

"Ana ba mai shi goro?"

"Ana ba shi."

"To na karɓa."

Ni lokacin na dawo gida bayan rasuwar maigidana, sai ya ce ni ce magatakarda. Aikina in kira sunaye kowace Lahadi bayan la'asar, kowa ya amsa. Matarsa Azumi ya ba ta kwamitin abinci. Ta tambayi su wa ke ciki, ya ce ita ce. Ta ce, "Ashe dai tukunyar ce aka naɗa wa rawani."

Kwamitin ɗakuna da gyare-gyare kuwa ya ba Malam Hamani. Hamani Bazabarme ne daga ƙasar Nijar, mai tallan atamfa. Yana saurayi ubanmu ya sauke shi a ɗakin da ke kusa da zaure, bai ƙara tashi ba. Kwano ɗaya suke ci da Yaya, kuma ban taɓa ganin sun gama cin abinci ba su yi musu ba. Yana da wata 'yar kujerar katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya, in ya zauna sai ta gyaɗa. Yaya ya tsani kujerar nan, amma shi ke ajiye ta a damansa.

Na biyu, maganar akuya. Akuyar maƙwabtanmu ta shigo ta cinye rogon da Azumi ta shanya don kokonte, tuwon garin rogo. Azumi ta ɗauki taɓarya.

"Ajiye taɓarya," in ji Yaya. "Za a kafa kwamitin bincike."

"Malam, ga akuya, ga rogo a bakinta. Me za a bincika?"

"Ta ina ta shigo. Wa ya bar ƙofa. Ko ta taɓa yi."

Aka sa ni da Hamani da Mumuni, babban ɗan Yaya. Lahadin farko Hamani ya tafi cin kasuwa, Yaya ya ce ba a cika ba, ba zama. Ta gaba aka yi rasuwa a unguwa. Kafin mu kawo rahoto, 'yar gidan maƙwabtan ta haihu, aka yanka akuyar ranar suna, aka aiko mana da namu kason. Yaya ya ci, ya suɗe hannu. Da aka zauna taro sai ya gyara murya ya ce, "Wadda ake ƙara ta riga mu gidan gaskiya. An rufe magana."

Azumi ta ce, "Rogona dai ya dawo, ko da a cikin miya."

Mun yi dariya, amma daga baya na lura da abu guda. Taɓaryar nan ba ta sauka a bayan akuya ba, kuma har yau muna zumunci da gidan. Yaya yakan ce abin da aka yanke a tsaye, a zaune ake nadamarsa.

Na uku, maganar rufi. Kwanon ɗakin Yaya ya ɓule daidai kan gadonsa. Yana da guduma, yana da ƙusa, amma ya ce aikin kwamitin Hamani ne. Ranar zaman ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka taru a zaure. Da aka zo kan maganar sai ya miƙe.

"A jami'a, wanda magana ta shafa ba ya zama a yanke ta a gabansa."

Ya fita tsakar gida, ba lema. Hamani ya gyara zama, kujera ta gyaɗa, ya ce, "Jama'a, mu fara da tarihin kwanon nan. Shekarar da aka sayo shi, ina nan." Ya bi ya ba mu labarin kafintan da ya buga shi, da matar kafintan, da ƙauyen matar. Can sai muka ji muryar Yaya cikin ruwa.

"Malam Hamani, ba ku gama ba?"

"Shugaba, ba ka cikin taro."

Washegari Hamani ya toshe ɓular kafin kokonsa ya huce. Yaya ya yi mako yana atishawa, yana yaba yadda aka bi ƙa'ida.

Na huɗu shi ne dalilin da ya sa na yarda in yi rubutun nan. A ƙarshen shekarar 1969 gwamnati ta ba da oda cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa, wa'adin kuma gajere. Mu ubanmu daga Salaga ya zo, nan cikin ƙasar, abin bai hau kanmu ba. Amma Zongo, unguwannin baƙi inda muke zaune, ta kife. Mutanen da muka tashi tare suka fito da gadaje da kekunan ɗinki da tukwane bakin hanya, suna sayarwa yadda ta kama. Hamani da ƙafa ya shigo ƙasar nan tun ba a tambayar kowa takarda. Yaya ya sa kakinsa na aiki ya bi ofis-ofis, bai samo komai ba. Ranar da ya haƙura, ya jingine keke ya zauna a ƙasa, bai taɓa kujera ko ɗaya ba. Abin da ya ce kawai, "Wannan magana a tsaye aka yanke ta."

Muka raka Hamani tashar mota. Mutane kan kaya, kaya kan mutane. Ya ciro makullin ɗakinsa ya miƙa wa Yaya.

"Ka ba Mumuni, aure ya kusa."

Yaya ya karɓa ya mayar masa cikin aljihu. "Ba a miƙa ɗaki a tasha. Ka ba da uzuri."

"Alasan, ana kora ta kana zancen taro?"

"A jami'a, wanda bai zo ba kuma bai ce komai ba, in ya daɗe sai a ɗauke kujerarsa. Wanda ya ba da uzuri, kujerarsa na nan. Ga magatakarda, faɗa da bakinka."

Hamani ya dube ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Hawa, na ba da uzuri."

Tun daga nan kowace Lahadi Yaya zai fito da kujerar mai gyaɗi ya ajiye a damansa. In na kira "Malam Hamani", shi zai amsa, "Ya ba da uzuri." Ɗaki yana kulle, makulli yana Nijar, ba wasiƙa, ba saƙo.

Mumuni kuwa makanike ne, ya nemi wata yarinya a Asawase, an ba shi. Bayan Babbar Sallah iyayenta suka aiko cewa in ba ɗaki a faɗa musu, su mayar da kaya. Ya zo da guduma ya tsaya gaban ƙofar Hamani.

"Baba, duk Zongo an fasa ƙofofi. Wa ka ga ya dawo?"

"Maganar ɗaki ta kwamitin ɗakuna ce."

"Shugaban kwamitin yana Nijar."

"To ka ga ba a cika ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Azumi ta ce, "Malam, wasa ya isa. Ɗanka ne fa. Za ka bar aurensa ya mutu saboda gizo-gizo su samu masauki?" Mumuni ya juyo wajena ya ce, "Gwaggo, ki yi magana." Na yi. Na ce yaro yana da gaskiya, kuma har yau ban janye ba. Mai rai da ke gabanka yana da haƙƙi, wanda ya tafi kuma ba ka san ko yana da rai ba. Yaya ya saurare mu duka, ya ce Lahadi za a zauna.

Ranar Lahadi, bayan na kira sunaye, ya ce akwai ajanda guda tak. "Shugaba yana roƙon majalisa ta karɓi ɗakinsa ta ba Mumuni, shi ya koma zaure." Sai ya miƙe, ya kaɗe riga, ya fita waje, tunda maganar ta shafe shi.

Mumuni ya ce shi ba zai kwana a ɗakin ubansa ba, uban na zaure. Inna, wadda tun da aka naɗa ta ba ta taɓa cewa komai a taro ba sai "ina gorona", ta ce, "Ku ba shi abin da ya roƙa. Ubansa ne ya sauki baƙon nan. In kun hana shi, a tsaye zai kwana." Uban jami'a ya yi magana, ba mai ƙarawa.

Haka aka ɗaura aure, amarya ta tare a ɗakin da Hamani ya toshe wa rufi. Yaya ya shimfiɗa tabarma a zaure kusa da kekensa, mutum mai furfura, ya ci damina guda a nan da sauro da feshin ruwa. Tari ya kama shi. Masu wucewa suna tsokanarsa, "Baba Ajanda, an sauke shugaba ya zama mai gadi?" Yakan ce, "Shugaban kirki ai da ma gadi yake yi."

Wajen ƙarshen 1970, wata Lahadi muna tsakiyar maganar kwata da ta toshe, sai muka ji sallama. Hamani ne, ya rame kamar kara, da ɗan ƙunshi a hannu. Ya samo takarda, da wahalar da bai taɓa ba mu labarinta duka ba. Kowa ya miƙe, Azumi ta saki salati. Yaya kaɗai bai motsa ba. Ya nuna damansa da haɓa.

"Malam Hamani, ka makara. Muna kan maganar kwata."

Hamani ya zauna, kujera ta gyaɗa. Ya sa hannu cikin riga ya ciro makulli, ɗaure da zare a wuyansa. Ya ce, "Shugaba, ina neman izini in duba ɗakina."

Yaya ya dubi makullin. Can ya ce, "An ɗage taro." Wannan ne kaɗai zaman da na san ya tashi ba a gama ajanda ba. Ya shige zaure ya daɗe yana goge keken da ba ƙura a jikinsa.

Da Hamani ya ga tabarmar zaure ya gane abin da ya faru, bai nemi izinin kowa ba, ya naɗe ta ya kai ɗakinsa. Nan suka zauna tare har tsufa, suna musu kan a buɗe taga ko a rufe.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Ban san ko malaman jami'a sun san me ya sa suke tara kwamitoci ba, ban taɓa shiga ɗakin taronsu ba. Na dai san abin da masinjansu ya ɗauka daga ciki. Ya ɗauka cewa mutum ɗaya ba ya yanke wa jama'a hukunci cikin fushi, cewa babba ma yana fita waje in maganarsa ce, kuma ba a ɗauke kujerar mutum don kawai ba ya nan. Jinkirinsa ya sha ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Amma na ga abin da gaggawa ta yi wa Zongo, na ga abin da jinkiri ya ajiye wa Hamani.

Yaya ya rasu shekaru bayan ya bar aiki. Lahadin da ta biyo bayan addu'ar bakwai ba wanda ya kira taro. Sai ga Azumi, wadda ta fi kowa zagin kujerun nan, tana fito da su tana jerawa, har tana ja da baya ta duba. Muka zauna. Na fara kiran sunaye, bakina ya tafi inda ya saba farawa, na ce, "Malam Alasan."

Hamani, wanda idonsa ya kusa tafiya a lokacin, ya lalubi kujerar da ke hagunsa ya dafa ta.

"Ya ba da uzuri," in ji shi.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa daminar zaure da inuwa. Ya ba shi mazauni a gidan da ba a korar baƙo, mu kuma in tamu ta zo, mu tarar ya ajiye mana gurbi a kusa da shi. Amin.