Ranar da Surukina Ya Goya Ni a Riruwai

Komai tsufana ba zan manta da tafiyarmu Riruwai ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin ina aiki a wani kamfani a Sharaɗa, inda muke niƙa dutse ana yin daɓen zamani da shi. Injiniyanmu mutum ne da dutse ya shiga ransa, ko tsakuwa ya tsinta sai ya juya ta ya faɗa maka asalinta. Shi ya matsa wa manaja sai an kai mu mun ga inda ake haƙo kuza. Aka ba mu bas wata Asabar. Na sha sabuwar shadda har da turare, sai ka ce mai zuwa ɗaurin aure.

Da muka biya Panshekara ɗaukar sauran ma'aikata, sai ga shugaban sashenmu ya shigo, dattijon da muke kira Malam. 'Yarsa nake nema, manyana sun riga sun je, amsarsa kawai ake jira. Kujerar da ta rage kuwa ta kusa da ni ce.

Kowa ya san saurayi ba ya cin abinci gaban suruki. Ni kuma ko karyawa ban yi ba, na dogara da gurasar da aka ce za a raba a mota. Aka raba, Malam ya miƙo mini tawa da hannunsa, na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi. A Tudun Wada aka sayi tsire, na sake cewa na ƙoshi. Abokaina 'yan banza suna ta ƙyafta mini ido, ɗaya har lasar yatsa yake yi da gangan.

Da rana tsaka muka isa. Injiniya ya tsayar da mu yana nuna duwatsun da suka kewaye garin, ya ce narkakken dutse ne ya taso daga cikin ƙasa tun kafin a yi mutane, ya huce ya daskare, kuza kuma ta bi tsagoginsa ta kwanta. Muka ga mata a bakin rafi suna wanke yashi a ƙwarya, baƙar kuza na zama a gindi saboda nauyinta. Abin sha'awa ne wallahi, amma ni ƙwaryar nake kallo ina tuna fura.

Daga nan aka ba mu hular kwano da fitila, muka shiga rami. Ga zafi, ga cunkoso, ga ciki ba komai. Injiniya ya ɗora mini wani dutse mai ƙyalli a hannu ya ce in duba jijiyar kuzar. Na duba, sai na ga dutsen ya zama biyu. Iyakar abin da na sani ke nan.

Da na farfaɗo sai na ji ana tafiya da ni, fuskata a kan wata ƙeya mai furfura. Malam ne ya goyo ni, yana haki, domin shi ne kusa da ni da na faɗi, ramin kuma ba ya cin mutum biyu a jere. Shaddata ta sha taɓo, takalmi ɗaya ya tafi. Ya kwantar da ni a gindin bishiya, ya sa aka kawo fura, ya riƙe ludayin da kansa. Matan rafi suka kewaye mu. Wata ta tambaya ko ɗansa ne, wani ya ce surukinsa ne, aka kwashe da dariya. Malam bai yi dariya ba.

"Sha," ya ce. "Wanda ya kasa riƙon cikinsa, ban san yadda zai riƙe 'yar mutane ba."

Na sha ina ƙwalla, na tabbata aure ya tafi. Makonni na yi ina laɓewa bayan inji in na hango shi. Direbobi suka kai labarin kamfanonin Challawa da Bompai, ko'ina na shiga sai in ji ana cewa ga goyon Malam.

Ana nan sai ya aika aka kira kawuna. Ya ce masa ya ba ni 'yarsa. Ya ce yaron yana da kunya, hankali ne ya rage, shi kuma yana tafe.

Har Allah ya karɓi ransa, duk ranar da na je gaishe shi, kafin in zauna zai ɗaga murya ya ce wa surukata, "A ba shi abinci, bayana ya tsufa." Sannan ya tashi ya bar mini ɗakin.

Kunya ado ce, ban musa ba. Amma na guji ya ga bakina yana motsi, na ƙare a gadon bayansa. Tun ranar na gane in ka guje wa ƙaramar kunya ba da hankali ba, babba ce take jiranka a gaba.