Azumin Ranar Asabar

Da ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar wata Asabar shirina ya fara karkacewa. Na ajiye wa maigidana kunun gyaɗa da ƙosai, ya dubi kwanon, ya mayar da murfin a hankali.

"Sha abinki, yau azumi nake yi."

Na tsaya riƙe da faranti ina lissafi a zuci. Ba Litinin ba ce, ba Alhamis ba, ba kuma kwanakin tsakiyar wata ba. Duk na duba waɗannan tun makonni uku baya, na ja layi a ƙarƙashin Asabar ɗin a bayan littafin darasina, domin a ranar na shirya masa 'yar walimar zagayowar haihuwarsa ba tare da saninsa ba.

Watanmu bakwai da aure a lokacin. Muna zaune a Gaya, ina shekarar ƙarshe a kwaleji, shi kuma yana koyarwa a wata firamare ta wajen Ajingi. Katin shaidarsa ya ce ɗaya ga Janairu aka haife shi, kamar yawancin 'yan ajinsu, don hedimasta ne ya zaɓa musu. Ni kuwa ba na iya ganin kuskure in wuce. Na roƙi ƙanwarsa ta ɗauko mini hoton bangon wani tsohon littafin marigayi mahaifinsu, inda Malam yake rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami. Kwana biyu ina haɗa baƙi kafin na fitar da ranar, a cikin watan Safar. Na ji daɗin kaina sosai.

Ba wani babban abu na shirya ba. Tabarma uku a gindin gwabar da ke lambun gidansu a Toranke, soyayyun zabbi biyu, zoɓo mai kanumfari, da ƙaramin kek na wata maƙwabciyarmu da ke gasawa a tukunya bisa yashi. A gidanta na yi suyar don kada ƙamshi ya tona ni, kayan kuma suka riga mu tafiya tun yammacin Juma'a. Abokansa biyu za su zo ƙarfe biyu da rabi, bayan azahar. Shi dai ce masa na yi ina son mu je gaida Inna, mahaifiyarsa.

Yanzu ga shi da azumi. Abin da ya dame ni ba abincin ba ne. Gidansu gidan malamai ne, ban taɓa jin an ambaci ranar haihuwar wani a cikinsa ba. Shi kuma mutum ne da ba ya faɗa, in abu bai yi masa ba sai ya kauce masa a hankali. Sai zuciyata ta ce ya gano, bai so ba, ya ɗauki azumi don maganar ta mutu ba tare da ya kunyata ni ba. In haka ne, na nuna wa dangin miji cewa boko kawai na sani, ban san gidan da na shigo ba. Tun daga Gaya har Toranke ina bayansa a kan babur, tambayar tana bakina, na kasa furta ta.

Da isarmu ya tsaya gaisawa da kawunnansa a zaure. Ƙanwar ta ja ni bayan rumbu tana rawar jiki.

"Matar Yaya, na share gindin gwabar tas, har ƙanƙara na samo miki."

"Azumi yake yi."

Ta buɗe baki, sannan ta fashe da dariya har tana dafa rumbun.

"Ke kika gaya masa," na ce.

"Wallahi ban gaya masa ba. Amma kwantar da hankalinki, zabbin nan ba za su yi asara ba muddin ina raye."

"Don Allah ki bar wasa."

"To ai Inna ma ba ta karya ba yau. Je ki tambaye ta, 'yar makaranta."

"Ni? Inna?"

"To zauna nan kek ɗinki ya yi tsami."

Tun da aka kawo ni ban taɓa haɗa ido da Inna ba, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Na same ta a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na jawo kwandon na kama taya ta. Maigidana ɗanta ne na fari, ba ta kama sunansa, ni ma ba na kamawa. 

Da na ga rana tana ɗagawa, na sunkuyar da kai na faɗa mata duka: littafin Malam, tabarmin, zabbin, abokan da ke hanya. 

"Ke kika karanta rubutun Malam da kanki?"

"E, Inna."

"Har 'ya'yansa ma ba duka ke iya karanta hannunsa ba."

Ta ci gaba da ɓara.  Sai na tattara abin da ya rage mini na ƙarfin hali.

"Inna, laifi na yi? Don ya hana ni ne ya ɗauki azumin?"

Ta karkaɗe zaninta, ta dubi wani ƙaramin ɗaki da ke kusurwar gidan, wanda yanzu ake ajiye buhunan gero a ciki.

"Kwana biyu na yi ina naƙudar mutumin naki a ɗakin can. Na yi wa Allah alkawari, in muka rabu lafiya zan azumci ranar duk shekara. Malam kaɗai ya sani. Shi wannan yana shekara goma sha biyu ya lura, ya je ya duba littafin nan kamar yadda kika yi. Tun daga nan yake taya ni. Ya zo, mu sha ruwa, ya tashi ya tafi, ko sau ɗaya ba mu taɓa maganar ba. Ba don ke ba ne, 'yar nan, bai ma san abin da kike ciki ba. Bar tabarminki inda suke, ki aika wa abokan nasa su zo da magariba. Zabbin kuwa ki turara su su yi laushi, a cire mini cinya ɗaya, haƙorana ba kamar da ba ne."